FILIN KWAMFUTA: Yadda Ake Cire Abu Daga Jeri Ba Tare Da An Yi Ɓarna Ba

 A fitowar watan jiya mun yi bayanin abin da ake kira jeri, wato wurin da mai tsara manhaja yake jera abubuwa bi da bi, kamar sunayen 'yan aji ko makin jarrabawa, har muka nuna yadda ake ƙara sabon abu a ƙarshensa. Yau kuma za mu juya ga ɗaya gefen: yaya ake cire abu daga jeri, kuma ina ake ajiye abin da ya rage?

Wani zai ce wannan ai wasan yara ne, wanda ya iya zubawa ya iya kwashewa. To, ba haka abin yake ba. A nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, kuma mugun abin shi ne sau da yawa kwamfuta ba ta cewa uffan. Ta ba ka amsa tsaf, ka buga a takarda, ka liƙa a ƙofar makaranta, alhali kuwa yaron da ya faɗi yana cikin waɗanda suka ci, ko kuma wanda ya ci an share shi ba wanda ya sani. Saboda haka muna roƙon mai karatu ya ɗauko alƙalami da takarda, mu bi darasin nan sannu a hankali.

BENCI DA GURABENSA

Mu fara da tuna yadda jeri yake zaune a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. A ɗauka benci ne dogo, yara shida suna zaune a kai kafaɗa da kafaɗa. Kowane wurin zama shi ne gurbi, kowane gurbi kuma yana da lamba. A harsunan da yaranmu suka fi koya yanzu, irin su Python da JavaScript, gurbin farko lambarsa 0 ce, na biyu 1, na shida kuwa 5. Dalili shi ne lambar tana nuna taku nawa za ka yi daga bakin benci kafin ka isa wurin. Yaron farko yana bakin benci, ba ka bukatar taku ko ɗaya.

Ba kowane harshe ne ya bi wannan hanya ba. Fortran, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, daga 1 yake fara ƙirga. Harshen C da Dennis Ritchie ya tsara a Amurka a 1972 shi ne ya yaɗa ƙirga daga sifiri, har wani shehin malami ɗan ƙasar Holand, Edsger Dijkstra, ya rubuta 'yar gajeriyar takarda a 1982 yana kare wannan tsari. Abin da za mu riƙe a nan shi ne lamba ta gurbi ce, ba ta yaro ba. In yaro ya matsa, lambarsa ta sake.

Yanzu a ce yaro ɗaya ya tashi daga tsakiyar benci. Abu uku ne za a iya yi. Na farko, a bar wurinsa a fili. Na biyu, duk waɗanda suke bayansa su matso, a toshe giɓin. Na uku, a kawo sabon benci, a kira waɗanda ake so su zauna a kai, a bar tsohon yadda yake. Mu malamai mun san waɗannan hanyoyi uku a rajistar aji: ko ka ja layi a kan sunan wanda ya bar makaranta, ko ka goge ka matso da sunayen ƙasa, ko ka buɗe sabon shafi ka kwafe sauran. Duk umarnin cirewa da mai koyo zai tarar a kowane harshe, ɗaya daga cikin ukun nan yake yi. Aikinka shi ne ka san wanne.

TARKO NA FARKO: ME UMARNIN YA MIƘO MAKA?

Mu ɗauki Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Ga makin yara shida, bisa 20 kamar yadda ake bayarwa a makarantunmu da yawa:

maki = [12, 7, 8, 15, 6, 11]

In muka rubuta maki.remove(7), Python za ta nemi 7 ta cire, sauran su matso. An yi aikin a cikin jerin kansa. To, amma mai koyo yakan ce a ransa, bari in ajiye sakamakon kada ya ɓace, sai ya rubuta:

maki = maki.remove(7)

Shi ke nan, ya ƙona rumbunsa da hannunsa. Umarnin remove ba ya miƙo sabon jeri, abin da yake miƙowa shi ne None, wato ba komai. Mai koyo ya ɗauki wannan ba komai ya ɗora masa sunan maki, jerin gaskiya kuma ya rasa mai kiransa, ya salwanta. Sai can gaba, lokacin da ya zo neman matsakaicin maki, manhajar ta tsaya cik, shi kuwa yana ta neman laifi a layin da ba shi da laifi.

Akwai wani umarnin mai suna pop. Shi lambar gurbi ake ba shi, ya cire abin da ke wurin, ya miƙo maka abin da ya cire. Ke nan wanda ya rubuta maki = maki.pop(1) zai wayi gari da lamba guda ɗaya tak a hannunsa, wato 7, maimakon jeri.

Haka abin yake a JavaScript, harshen shafukan intanet da Brendan Eich ya tsara a 1995. A can akwai umarni biyu da sunayensu suka yi kama kamar Hassan da Hussaini, amma halinsu ya sha bamban: splice da slice. Harafi ɗaya ne ya raba su. Shi splice yana yanka jerin asali, sa'an nan ya miƙo abin da ya yanke. Shi kuwa slice ba ya taɓa na asali, kwafin wani yanki yake miƙowa. Don haka wanda ya rubuta maki = maki.splice(1, 1) da nufin ya rabu da 7, zai ga 7 ɗin ce kaɗai ta rage masa, sauran biyar sun tafi. Wannan ruɗani ya daɗe yana wahalar da mutane, har a 2023 aka ƙara wa harshen wani umarni mai suna toSpliced, wanda yake yin aikin splice amma a kan sabon jeri, ya bar na asali lafiya lau.

Har wa yau a JavaScript akwai delete, wanda sunansa yake yaudarar mai koyo. In ka yi amfani da shi a kan gurbi, yaron ya tashi amma ba wanda ya matso. Tsawon jerin yana nan shida, da rami a tsakiya. In ka tara maki ka raba da tsawon jerin, ka raba da shida ke nan alhali yara biyar ne, matsakaicin aji ya sauka ba gaira ba dalili. A harshen PHP ma umarnin unset yana barin giɓi a lambobin gurabe, sai an kira array_values kafin lambobin su sake jeruwa daga sifiri.

Ƙa'ida ta farko ke nan: kafin ka sa alamar daidai a gaban kowane umarni, ka tambayi kanka tambaya biyu. Shin yana taɓa jerin asali? Me kuma yake miƙowa? Amsar tana cikin littafin bayanin harshen, kuma duba ta ba ya cin minti biyu.

TARKO NA BIYU: CIREWA ANA CIKIN TAFIYA

Wannan shi ne babban, domin shi ba ya tsayar da manhaja. A ce muna son mu cire duk wanda bai kai maki 10 ba. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka tarar ƙasa da 10 a cire shi nan take:

for m in maki:
    if m < 10:
        maki.remove(m)

Rubutun ya yi kyau a ido. Amma mu bi sawun kwamfuta da alƙalami. Tana gurbi na 0, ta ga 12, ta wuce. Ta zo gurbi na 1, ta ga 7, ta cire. Nan take kowa ya matso: jerin ya zama 12, 8, 15, 6, 11. Yanzu 8 ce take zaune a gurbi na 1. Ita kuwa kwamfuta ta riga ta gama da gurbi na 1, sai ta wuce gurbi na 2, inda ta tarar da 15. An tsallake 8 ke nan, ba a ko dube ta ba. A gurbi na 3 ta ga 6, ta cire, 11 ta matso cikin wurin. Da ta nemi gurbi na 4 sai ta ga benci ya ƙare, ta tsaya. Abin da ya rage shi ne 12, 8, 15, 11. Mai maki 8 ya shige cikin waɗanda suka ci, ita ma 11 sa'a ce ta tsirar da ita, don ba a bincike ta ba.

A lura da wani abu. Wannan kuskure ba ya bayyana sai masu faɗuwa biyu sun zauna kusa da juna. In ka jarraba manhajarka da jerin da babu irin wannan maƙwabtaka, za ta ba ka amsa daidai, ka ce ka gama. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ranar da aka zuba mata makin makaranta duka, ranar ce za ta yi ɓarnar, kuma ba wanda zai iya gano ta da ido a cikin sunaye ɗari biyar.

Wasu harsunan sun fi tsanani a nan. Java, alal misali, galibi takan tsayar da aiki ta yi ƙorafi in ta ga ana cire abu daga jerin da ake cikin bi, kuma tun 2014 ta tanadi umarni na musamman, removeIf, don wannan bukata. Python ba ta ƙorafi a kan jeri. Ta ɗauka ka san abin da kake yi.

Akwai kuma ƙaramin tarko a cikin babban. Umarnin remove na farkon da ya tarar kaɗai yake cirewa. In da sunaye ake aiki, to, mu da muke koyarwa mun san da wuya a sami aji da babu Abubakar biyu ko A'isha uku. Ka ce a cire Abubakar, kwamfuta ta cire na sama, alhali na ƙasa ne ya bar makaranta. Shi ya sa ake ba kowane ɗalibi lambar rajista tasa shi kaɗai, da ita ake nema, da ita ake cirewa.

MAGANI: A KAWO SABON BENCI

Hanyar da muke ba masu koyo shawara su riƙe ita ce ta uku. Kada ka taɓa jerin da kake bi. Ka buɗe sabo, ka zuba waɗanda kake so. Mu ma fi son a buɗe biyu:

sun_ci = []
sun_faɗi = []
for m in maki:
    if m >= 10:
        sun_ci.append(m)
    else:
        sun_faɗi.append(m)

Kada mai karatu ya yi mamakin ganin harafin ɗ a nan. Tun fitowar Python 3 a 2008 ana iya sa haruffanmu masu ƙugiya a cikin sunaye. Abin da muka samu yanzu shi ne jeri uku: na asali yana nan da shidansa, sun_ci yana da 12, 15, 11, sun_faɗi kuma yana da 7, 8, 6. Ba wanda aka tsallake, domin ba wanda ya matsa. Python tana da hanyar taƙaita irin wannan aiki a layi ɗaya tun shekara ta 2000, JavaScript kuma tana da filter, wanda ya shiga ƙa'idar harshen a 2009, shi ma sabon jeri yake miƙowa. Amma mai koyo ya fara da doguwar hanyar har sai ya gane abin da ke faruwa.

Me ya sa muka ce a ajiye waɗanda aka cire? Domin gobe uban yaro zai zo ofis ya ce ina sunan ɗana. Wanda ya ajiye jerin waɗanda aka cire zai buɗe ya nuna masa makin. Wanda ya share kuwa sai dai ya yi ta kame-kame. Bugu da ƙari, jeri biyun nan suna ba mu ma'auni: uku da uku shida. In adadin waɗanda suka rage da na waɗanda aka cire bai kai adadin farko ba, akwai matsala, a tsaya a duba.

Wani zai ce ai wannan ɓarnar wuri ce, a riƙe jeri biyu ko uku maimakon ɗaya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma a zamanin da ƙwaƙwalwar kwamfuta take 'yar mitsitsiya hujja ce mai ƙarfi. Yau wayar hannu ma tana ɗaukar sunayen ɗaliban jiha guda ba ta ji ba. Sa'an nan matsowa ita ma ba kyauta ba ce. A ce jeri yana da abu 10,000, ana son a cire 1,000 na farko ɗaya bayan ɗaya. Cirewar farko za ta sa 9,999 su matsa, ta biyu 9,998, haka har a gama. In aka tara, matsi kusan miliyan tara da rabi ke nan. Mai sabon benci kuwa sau 10,000 kawai zai duba, ya kwafe 9,000. Sau da yawa hanyar da ta fi aminci ita ce kuma ta fi sauri.

In kuwa dole ne a yi cirewar a cikin jerin asali, to, a fara daga ƙarshen benci a dawo baya, ana cirewa da lambar gurbi. Waɗanda za su matsa su ne waɗanda aka riga aka duba, don haka ba mai kuɓucewa.

TARKO NA UKU: SUNA BIYU, MUTUM ƊAYA

Mai hankali zai ce bari in yi kwafi kafin in fara yanka, sai ya rubuta kwafi = maki. Wannan ba kwafi ba ne. Laƙabi ne kawai ya ƙara wa jerin. Kamar mutum ne da ake kira da sunan yanka a makaranta, a gida kuma ana kiransa da laƙabi. In aka yi wa mai laƙabin aski, mai sunan yankan ma kansa ya zama ƙwal. Duk abin da aka cire daga kwafi ya fita daga maki. Don a sami kwafi na gaskiya a Python sai a rubuta kwafi = maki.copy(), a JavaScript kuma a kira slice ba tare da an ba shi lamba ba.

AJIYA DA ƘIDAYA

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. Duk jerin da muka yi magana a kai yana zaune ne a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wadda take mancewa da zarar an rufe manhaja ko wuta ta ɗauke. Sai an rubuta sakamako a fayil sa'an nan ya tabbata. A nan ma ƙa'idar ba ta sake ba: kada a rubuta sabon jeri a kan tsohon fayil. A ba shi sabon suna, a sa kwanan wata, a bar na asali. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada kuma a ɗauka ƙananan masu koyo ne kaɗai layuka suke zube wa. A watan Oktoba na 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙididdigar kullum ba, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. An riƙa zuba sakamakon gwaji a tsohon samfurin fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, duk abin da ya haura haka sai ya zube ba sanarwa. Sanadin ya bambanta da tarkunan da muka lissafa, amma ciwon iri ɗaya ne: abu ya fita daga jeri, na'ura ta yi shiru. Abin da ya biyo baya shi ne an makara wajen neman mutanen da suka yi cuɗanya da masu cutar. Ƙidaya mai sauƙi, nawa suka shiga, nawa suka fito, ita ce irin binciken da yake kama wannan ɓarna da wuri.

GA 'YAN'UWA MALAMAI

Ana iya koyar da darasin nan ko babu kwamfuta a makaranta. A zaunar da yara shida a benci, kowa da allonsa an rubuta masa maki. A rubuta lambobin gurabe da alli a ƙasa, daga 0 zuwa 5. Yaro na bakwai shi ne kwamfuta: taku ɗaya yake yi gaba kowane lokaci, ba ya waiwaye. Duk wanda ya tayar, sauran su matso nan take. 'Yan aji da kansu za su yi ihu lokacin da mai maki 8 ya zame ta bayansa. Daga nan a kawo benci na biyu da na uku a sake wasan, a ƙirga a ƙarshe.

Ga kuma aikin gida ga masu bin wannan fili. A ɗauki jerin nan: 5, 9, 3, 14, 2, 4, 18. A bi shi da hanyar cirewa ana cikin tafiya, ana fitar da duk wanda bai kai 10 ba. Waɗanne lambobi ne za su rage, kuma guda nawa daga cikinsu ne bai kamata su rage ba? A yi shi da alƙalami tukuna kafin a tambayi kwamfuta. Za mu kawo amsa a fitowa ta gaba, inda kuma za mu duba yadda ake jera sunaye bisa tsarin abacada ba tare da ɓ da ɗ da ƙ sun koma can ƙarshen layi ba.